Gwaggo Ta Rasu da Miƙaƙƙen Wuya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da haushi, ni Zayyanu Isma'ila na Ƙofar Marke, wanda aka fi sani da Zayyanu Mai Bes, a madadin kaina da iyalina da yatsun hannuna duka, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da ma'abota kiɗa na birnin Sakkwato da kewaye rasuwar uwar ɗakina, abokiyar neman abincina, jitar bes ɗina mai tsirkiya huɗu, wadda jama'a suka sani da suna Gwaggo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ta rasu ranar Laraba da hantsi a zauren gidanmu, bayan ciwon wuya da ta yi fama da shi tun shigowar bazara, ciwon da kuma, ina so kowa ya ji wannan da kyau, ta kusa warkewa daga gare shi. Ta cika a hannun yayana, Alhaji Junaidu, dillalin shanu a Kara. Inna, mahaifiyarmu, ta ce kada in kuskura in sa sunansa a sanarwa, in ce ajali ne kawai. To, ajali ne, ban musa ba. Amma a hannunsa ajalin ya same ta, kuma ko a rediyo akan faɗi asibitin da mutum ya cika.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, kuma na lura kuna da yawa, don har yau akwai masu ce mata garayar Bature: jitar bes ita ce doguwar nan mai kaurin tsirkiya da take tsayawa a bayan mawaƙi ba ta neman suna. Muryarta a ƙasa take, can ƙarƙashin ganga da piyano, ƙirji ne yake fara jin ta kafin kunne ya farga. Dum. Du-dum. Dum. In kun taɓa zama a wajen biki kuna fama da cinyar kaza, kuka ga ƙafarku tana motsi ba da izininku ba, to aikinta ne. Sunan Gwaggo ma daga nan ya samo asali, don irin babbar macen nan ce da ba ta ɗaga murya a gida, amma in ta yi gyaran murya kowa sai ya shiga taitayinsa.

An haife ta a wata ƙasa mai sanyi, a shekarar da ba wanda ya riƙe. Ta shigo ta Kwatano cikin kayan gwanjo, ta yi aiki a wani coci a Kudu, sannan ta faɗo hannun wani tsohon ɗan badujala da ya yi ritaya a garin nan, Baba Saje, Allah ya jiƙansa. A wajensa na koyi kiɗa, a wajensa kuma na karɓe ta, lokacin ina saurayi ana cigiyata a Kara in zo in riƙe igiyar sa, ni kuwa ina ɓuya. Gidanmu gidan shanu da nama ne tun kakanni. Ni ne na farko da ya fita daga zauren nan da wani abu rataye a kafaɗa wanda ba igiya ba ne, kuma har yau ba a yafe min ba, an dai gaji da magana ne.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da kawar da kai. Ta hau bayan kabukabu, babur ɗin haya, zuwa Bodinga da Wurno da Gwadabawa, ana buga ta da ramukan hanya, ba ta taɓa ƙorafi ba. Ta sha rana a filin taron siyasa, ta yi wa wannan jam'iyya kiɗa da safe ta yi wa waccan da yamma, ba ta nuna wa kowa bambanci ba. Ɗalibai a Kwalkwalawa sun taɓa kifa mata kofin zoɓo a ciki, ta shanye ta ci gaba da aiki. Ta san girman wuri: duk sanda muka bi ta Hubbare, shiru take yi a cikin jakarta har mu wuce. Ba ta shan mai, ba ta neman caji, ba ta da maɓallin da za a danna ta yi kiɗa ita kaɗai ta tozarta mai ita. Ita ta haɗa min lefen matata Dijatu, ita ta sayi ragunan sunan 'ya'yana. In janareto ya mutu a tsakiyar taro kowa ya yi cirko-cirko, nakan ci gaba da taɓa ta, tana yi min magana a haƙarƙari ni kaɗai, hmm, hmm, har a gyara.

Ba zan ɓoye wa jama'a ba, shekarun ƙarshe na marigayiyar ba su yi mata daɗi ba, kuma dalilin yana da suna: hannun hagun Ɗanjuma. Ɗanjuma shi ne shugaban ƙungiyar kiɗanmu, shi ne kuma mai piyano. Tun da ya sayo sabon piyanon nan mai fitilu, ya fara faɗa cikin wasa cewa akwai bes a ciki, maɓalli ɗaya ne, hannunsa na hagu ya isa. Da irin wannan wasan ya sallami mai busa. Da shi ya sallami mai ƙaramar jita, wanda yanzu yake tuƙa keke a hanyar tasha. Mai kalangu kaɗai ya tsira, shi ma don mata suna son ganinsa ne su yi liƙi. Ni da Gwaggo muka rage a bayan fage, muna aiki muna waiwaye.

Ciwon ya fara ne a hankali. Wuyan bes itace ne dogo, tsirkiyoyin nan huɗu kuma ƙarfe ne, kullum jan sa suke yi gaba. Da zafin bana ya kankama, irin zafin da ko ƙadangare yake neman inuwa, itacen ya bushe ya fara ba da kai. Wuyan ya lanƙwasa kamar baka. Tsirkiyoyin suka tashi sama suka yi nisa da itacen, har ɗan yatsa yana iya shigewa ƙarƙashinsu. In na danna sai na haɗa da cije leɓe, kuma in na danna ɗin, maimakon dum sai ta ce duwang, kamar mai mura. A wani biki a Mabera ta yi wannan duwang ɗin a daidai inda mawaƙi ya ja numfashi, kowa ya ji.

Da aka tashi Ɗanjuma ya ja ni gefe, yana naɗe waya yana magana, ko kallona bai yi ba.

"Zayyanu, ni ban son ɓacin rai. Bukin ran Assabar ta sama babba na, manyan mutane za su taho. In Gwaggo ta warke, ku taho tare. In ba ta warke ba, hannuna na hauni shina nan. Kuma ka san shi, in ya hau ba ya sauka."

Na san shi ƙwarai. Na ga hawansa sau biyu, ban taɓa ganin saukarsa ba.

Sai na shiga jinya. Wannan ciwo yana da magani, kuma maganin a cikin jikinta yake. Akwai wani dogon ƙarfe da aka binne a cikin wuyan tun daga kai har ƙirji, shi ne lakarta. A can sama wajen kan, ƙarƙashin wani ɗan murfi, akwai notinsa. Da alanki ake juya shi, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan da masu gyaran babur suke kwance kusoshi da shi. In ka ɗaure zuwa dama, ƙarfen ya ja wuyan baya ya rage lanƙwasar. In ka sassauta zuwa hagu, ya sake shi. Sai dai aikin yana da ladabi, kuma Baba Saje ya dasa min shi da ranƙwashi. Ka fara sassauta tsirkiyoyi. Ka juya rubu'in zagaye, kwata ke nan, ka cire hannunka. Ka bar ta ta kwana, don itace ba ya jin magana nan take, sai ya yi tunani. Da safe ka ja tsirkiya, ka danne ta a can sama da can ƙasa, ka leƙa tsakiya ka ga tazarar da ta rage. In da saura, ka ƙara kwata, ka sake barin ta.

Ga kuma babbar maganar, wadda da na san abin da zai faru da na sa an rubuta ta da fenti a bangon zaure: ba a son wuyan bes ya miƙe sarai. Dole a bar masa ɗan karkace, gwargwadon yadda katin waya zai shige tsakanin tsirkiya da ƙananan ƙarafan da ke jere a wuyan. Tsirkiya in an kaɗa ta lilo take yi, tana buƙatar wurin lilon. In wuya ya miƙe tsaf, sai ta dinga gogar ƙarafan tana zzzz kamar ƙuda a kwalba. Lafiyar bes a cikin ɗan karkacen nan take.

Notin Gwaggo ya tsufa ya yi tauri, sai da na ɗiga masa man keke na yi ta lallashi. Kullum da safe kwata, kullum leƙe. Dijatu har tana min tsiya wai ko ita da ta haihu ban yi mata irin wannan jinyar ba, na ce ke ai kina da Inna, ita kuwa ni kaɗai gare ta. Sannu a hankali wuyan ya dinga komawa, tsirkiyoyin suna saukowa. Ranar Laraba da safe na ja su na taɓa ta, ta ce dum. Dum mai tsabta, irin na ƙuruciyarta. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Abin da ya rage ɗan taɓi ne, ko kwata bai kai ba, na ce bari in bar shi sai gobe.

Na kwantar da ita a kan tabarma a zaure, don nan ne ya fi ko'ina sanyi a gidan, tsirkiyoyi a sassauce, alanki a jikin noti. Kada wanda ya zo ta'aziyya ya tambaye ni me ya sa na bar alankin. Gidanmu ne. Zauren ubana ne. A ina zan bar shi, a ofishin 'yan sanda?

A nan Yaya Junaidu ya fito zai tafi Kara, na durƙusa na gaishe shi. Ya kamata a sani, tun da Gwaggo ta shigo gidan nan Yaya bai taɓa kai hannu jikinta ba, bai taɓa kiran sunanta ba, "abin nan naka" yake ce mata. Ran nan kuwa sai ya tsaya. Ya sunkuya ya ɗauke ta, ya kanne ido ɗaya, ya auna wuyan daga kai zuwa ƙasa.

"Wagga ba ta miƙe ba," in ji shi.

Na ce, "Saura kaɗan, Yaya. A hankali ake bi."

"Tun yaushe kaka hwama da ita?"

Na ce an ɗan kwana biyu. Ya ce uhm, ya ajiye ta. Ni kuma, da ƙafafuna, da farin cikina, na hau kabukabu na tafi gidan Ɗanjuma in yi masa albishir cewa ya ajiye hannun hagunsa a aljihu, Gwaggo za ta zo biki.

Duk wanda ya san Kara ya san Yaya Junaidu da abu biyu: kayar da sa, da miƙar da sanda. Fulani daga daji suke kawo masa sandunansu in sun karkace. Ya shafe sanda da man shanu, ya gasa ta a kan garwashi har ta yi laushi, ya sa gwiwa ya danne, ta fito kamar an ja zare. Bai taɓa karɓar ko sisi a kan wannan ba, shi dai ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Ko hular yaro ya gani a karkace a hanya sai ya tsaya ya gyara.

Abin da ya biyo baya daga bakin Dijatu na ji shi, tana faɗa tana kuka. Ina fita Yaya ya fasa tafiya, ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya leƙa cikin gida ya ce a kawo masa man shanu da kaskon wuta. Ta kawo. Na ce mata ke Dijatu, da hankalinki, kin ga abin da nake yi kullum da safe, ba ki ce komai ba? Ta ce, "Yaya na hwa. Ya ce in kawo garwashi, in ce mishi mi?" Gaskiya ni ma ban san abin da za ta ce masa ba. Tun da aka kawo ta gidan nan ko sunansa ba ta taɓa furtawa ba.

Ya shafe wuyan Gwaggo da man shanu tun daga kai har ƙirji. Ya riƙe ta a kan garwashi yana jujjuyawa kamar mai gasa masara, har fentin bayanta ya fara tashi yana ƙuraje. Ya sa gwiwa ya danna. Ya kanne ido ya duba, ya ga har yanzu da ɗan saura, wato ɗan karkacen nan da na yi ta tattali, lafiyarta ke nan. Sai idonsa ya faɗa kan alanki. Ya sha ganina ina juya shi in zai wuce, ya kuma yanke wa kansa hukuncin cewa ragwanci ne yake sa nake tsayawa. Ya kama ya juya. Da yake itacen ya yi zafi, notin ya tafi. Ya ƙara, ya ƙara, har ya cije ya ƙi motsi. Wani mutum zai tsaya a nan. Yaya ya aika aka ɗauko masa guntun bututun famfon da ya lalace a bayan gida, ya zura a kan alankin don ya sami tsawon hannu, ya ce bisimilla, ya sauke masa nauyin mutumin da yake kayar da sa shi kaɗai.

Kalaman marigayiya na ƙarshe, kamar yadda aka jiyo su har madafa, su ne: ƙiiii, ƙiiii, ƙas.

Da na dawo na tarar da ita jingine da bango tana ƙyalli, zauren yana warin ƙonannen fenti da man shanu, tururuwa har sun fara layi. Yaya yana zaune a gefe ya mayar da rigarsa, bai tafi kasuwa ba, jirana yake yi. Murmushi yake yi, jama'a. Rabon da in ga haƙoran Yaya a kan wani abu da ya shafe ni tun ranar ɗaurin aurena.

"Ga ta nan," ya ce. "Duba ka gani. Abin da kaka ta wahala kanai, ga shi an gama. Ta ɗan yi ƙara, amma kak ka damu, gaɓa ta tak koma mazauninta."

Na ɗauka na duba. Gaskiya ɗaya ce, ta miƙe. Ban taɓa ganin abu miƙaƙƙe irin wuyan Gwaggo a ranar nan ba, ko magini zai iya gwada bango da shi. Maganganu suka taso min tun daga cibiya, irin waɗanda in na faɗe su sai an tara dangi. Na dubi mutumin da ya riƙe gidan nan tun rasuwar mahaifinmu, wanda ya yi min waliyyi, wanda ko zama ba na yi a kujera in yana tsaye. Na buɗe baki. Kun san abin da ya fito?

"Sannu da aiki, Yaya."

Sannu da aiki! Ni Zayyanu, da bakina! Ya ce ba komi, ya sa takalmi ya tafi Kara yana gaisawa da mutane a hanya.

Bayan ya fita na zauna na fara jan tsirkiyoyi, ina addu'ar ko kunnen Dijatu ne ya yi ƙarya. Ina ja wuyan yana biyowa, ina ja yana biyowa, ba abin da ke riƙe shi. Baƙin allon da ke fuskar wuyan ya ɗago, don wuta ta narkar da gam ɗin da ya manne shi. Na sa alanki, ya dinga zagayawa fayau ba ya kama komai. Na girgiza ta, na ji karyayyen ƙarfen yana ƙwal-ƙwal a ciki. Na kaɗa babbar tsirkiya, ta ce ɓat. Daga nan ba ta sake cewa komai ba.

Iyalan marigayiya suna so a san cewa ba a yi sakaci ba wajen neman magani. An kai ta wajen kafinta, ya ce zai iya buga mata ƙusa, na ɗauke ta na fito ba sallama. An nuna ta ta waya ga wani mai gyaran jita a Jos, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko gobara aka yi a gidan. Ya ce sai dai sabon wuya daga waje, shi ma sai bayan watanni, in ya zo kuma ba lallai ya zauna mata ba. Na bi gari neman aro. Bes nawa ne a Sakkwato? Mutanen wani coci suna da guda, amma su ma suna da biki ranar Asabar ɗin. Allah ya saka musu, sun fi dangina nuna alhini, mai kaɗa tasu har ya dafa kai da ya ga hotonta.

Ɗanjuma ya zo ta'aziyya jiya. Ya zauna a tabarma ya sunkuyar da kai, ya ce Allah shi ba da haƙuri, ya ce ita kam ta yi aiki. Yana faɗa ina kallon hannunsa na hagu a kan gwiwarsa, yatsun suna tafiya su kaɗai, atisaye suke yi. A zauren da ta cika! Da zai tafi ya ce ƙofa a buɗe take, ko yaushe ana neman mai ɗaukar sifika da jan waya. Na raka shi bakin ƙofa don kada a ce ba ni da tarbiyya.

Abin da ya fi ci min rai kuwa, ko haushin ma an hana ni in ji shi yadda ya kamata. Na shiga wajen Inna ina huci, na ce yau sai na gaya wa Yaya abin da ya aikata. Ta bar tsintar wake ta dube ni.

"Zamna. Ka san mi as sa yay yi? Uban amaryar bukin ran Assabar ɗin ga abokin cinikinai na, an gayyace shi. Ya bi Kara shina hwaɗa ma mutane ƙanenai na ka kiɗi ran nan, su taho su gani. Har shadda ya kai ɗunki. Bai son a ga kayan ƙanenai a karkace gaban mutane, shi ke nan laihinai."

Tun da na fara kiɗa Yaya bai taɓa zuwa ya ji ni ba, ko sau ɗaya. In ya ji ana biki a layi, ya san ina wurin, sauya hanya yake yi. Sai yanzu. Sai da ya tashi yin alfahari da ni ya gasa min abincina a kan garwashi. To, ku gaya min, wa zan kama? In na yi shiru cikina ya kumbura, in na yi magana na zama ɗan banza mara kunya. Har yanzu da nake wannan rubutu Yaya bai san ta mutu ba. Ba ya duba waya, sai dai ya amsa kira. Jiya da yamma ma ya leƙo ya tambaye ni ya jikin abin nan naka, na ce da sauƙi.

Marigayiya ta rasu ta bar mijinta, tsohon amfilifaya mai tari, akwatin da yake ɗaga muryarta, wanda tun ranar yake zaune a lungu yana huuu shi kaɗai in an kunna shi. Ta bar 'ya'ya huɗu, tsirkiyoyinta, babbar cikinsu ko shekara ba ta yi ba a gidan. Ta bar igiyar rataya da ta sha gumin kafaɗata har ta canja launi, da wayar haɗi mai ciwon gaɓa da sai an murɗa take aiki. Ta bar alanki, wanda bincike ya nuna ba shi da laifi, tilasta masa aka yi. Ta bar kantar da ke kan yatsuna, wadda ita ma ba za ta daɗe a bayanta ba. Sannan ta bar ni, magidanci mai mata da 'ya'ya, wanda duk duniya abu ɗaya ya iya, kuma abin nan yanzu maɓalli ne a jikin piyanon wani.

Ana karɓar gaisuwa a zauren gidanmu da ke Ƙofar Marke. Ana roƙon masu zuwa su kiyaye harshensu. Wanda ya san zai ce "ai itace ne", ya yi zamansa a gida. Wanda zai ce "ka sayi wata", ya taho da ita a hannu. Wanda zai ce dama Allah ne ya raba ni da kiɗa, na gode, na riga na ji daga bakin kawunnai uku, ba sai an ƙara ba. Mata masu kawo abincin makoki, don girman Allah kada a sa man shanu. Ana kuma neman dattijo ɗaya mai ƙarfin hali, wanda ya girmi Yaya Junaidu, da zai je Kara ya same shi ya gaya masa kafin ya karɓo shaddarsa daga wajen tela. Inna ta ce ba da ita ba, Dijatu ba ta iyawa, ni kuma kun ji abin da bakina yake yi in na tsaya a gabansa.

Za a yi mata wanka da tsumma da ruwan ɗumi saboda tururuwa, a sa ta a jakarta, a ja zif. Ba za a yi salla ba, malamai su kwantar da hankalinsu, na san iyakata. Za a kai ta makwancinta a ɗakin ajiya na bayan gida, tsakanin tsohon keken ɗinkin Inna da fankar da ta riga ta. Ba a buƙatar masu ɗauka, ni na saba ɗaukar ta.

Na san ba al'adarmu ba ce a ajiye gawa ta kwana, kuma tun Laraba ake tambayata me nake jira. An tsayar da jana'izar ne ranar Asabar bayan sallar la'asar, daidai lokacin da Ɗanjuma zai kunna piyano a wajen biki. Na zaɓi lokacin ne don in sami inda zan ce ina, in wani ya tambaya me ya sa ba a gan ni a bayan mawaƙi ba.

Waɗanda aka gayyata bikin, ku je abinku, ban riƙe kowa ba. Ku ci, ku yi rawa, ku yi liƙi. Alfarma ɗaya nake nema: in kiɗa ya yi nisa, wani ya ɗan tsaya ya kasa kunne can ƙasan waƙar, inda take zama. In ya ji wurin ya yi rami, ya biyo ta gida ya faɗa min, ko a bakin ƙofa ne. In kuwa bai ji bambancin komai ba, don Allah ya wuce gidansa, kada ya gaya min.

Sanarwa daga Zayyanu Isma'ila Mai Bes, Ƙofar Marke, Sakkwato, a madadin iyalan marigayiya.